Tsofaffin Lambunan Italiya: Kyau a Hoto, Gumi a Ƙasa

Ranar 23 ga Agustan 2020 wata guguwa mai haɗe da ƙanƙara ta afka wa birnin Verona da ke arewacin Italiya. Da iska ta lafa, masu kula da lambun gidan Giusti suka tarar da wata doguwar bishiya a kwance. Irin wadda Italiyawa ke kira cipresso ce, siririya mai tsini kamar mashi, wadda ba ta zubar da ganye ko da wane lokaci. An ƙiyasta ta haura shekara 500. Ana ce mata bishiyar Goethe, saboda marubucin nan na Jamus ya shiga lambun a 1786 ya yaba itatuwansa, kuma da wuya baƙo ya fita bai ɗauke ta hoto ba. A shekarar 2020 kaɗai guguwa uku ta kayar da bishiyoyi kimanin 30 a lambun, ta tuge wani ɓangare na shingayensa, ta farfasa wasu mutum-mutumi na ƙarni na 17. A 2021 ƙungiyar Europa Nostra mai kare kayan tarihi ta sa shi cikin wurare bakwai na tarihi da suka fi shiga haɗari a Turai.

Hotunan bishiyar kuwa suna nan birjik a intanet, tana tsaye ƙyam kamar jiya aka ɗauka. Wanda ya gan su yau zai zaci in ya je zai tarar da ita. Nan damuwata take. Hoto yana sa mu ɗauki tsohon lambu kamar ginin dutse, abin da aka gama tun ƙarni na 16 aka ajiye wa 'yan baya. Alhali galibin abin da ke burge ido a cikin hoton aikin makon jiya ne. Shingen nan da ya miƙe sak, wani ne ya ɗaure igiya daga wannan turke zuwa wancan ya bi shi da almakashi. Ruwan nan da ke tsartuwa sama, wani ne ya durƙusa ya ƙwaƙule bakin bututunsa. Mai ɗaukar hoto kuma ya saba jiran mai lambu ya tura baronsa ya kauce kafin ya danna. Wanda ya yi kyan ba ya cikin hoton.

Waɗannan ba lambu ba ne irin na bakin fadama da ake yi don kayan miya, ko da yake da yawansu suna da ɓangaren 'ya'yan itace da ganyayyaki. Manyan limaman cocin Katolika da sarakuna da attajirai ne suka gina su don nuna isa. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Villa d'Este da ke garin Tivoli.

Kadinal Ippolito d'Este, babban limamin Katolika da ya gina shi, ɗan sarkin Ferrara ne, mahaifiyarsa Lucrezia Borgia. Ya yi ta neman kujerar Fafaroma, zaɓe bayan zaɓe, bai samu ba. A 1550 aka naɗa shi gwamnan Tivoli, wani gari a kan tudu mai nisan kimanin kilomita 30 gabas da Rum. Ya ɗauko Pirro Ligorio, masanin kufan Rumawan da, aka shiga aiki gadan-gadan daga wajen 1560. Aka rushe gidajen wata unguwa, wasu da yardar masu su, wasu bisa tilas. Aka yanka gangaren tudun hawa-hawa kamar matakala, aka kwaso duwatsu da mutum-mutumi daga kufan fadar sarki Hadrian da ke ƙasan tudun. Sannan aka haƙa rami mai tsawon kimanin mita 600 ta ƙarƙashin garin aka jawo ruwan kogin Aniene. Kadinal ya rasu a 1572 ba a kammala ba.

Ruwan nan shi ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai marmaro kimanin 50 a lambun, ban da ɗaruruwan ƙananan bakuna masu tsiyaya, kuma an tsara su duka ba tare da injin tura ruwa ko ɗaya ba. Gangara ce kawai. Ruwa na shigowa ta can sama, kimanin lita 300 a kowane sakan. In aka tsuke shi cikin bututu ya gangaro, nauyin wanda ke bayansa sai ya danno shi, ya fito ya yi sama yana neman tsayin da ya baro. Abin da ya zubo daga marmaro na sama shi ake tarawa a ba na ƙasa, haka har ya fice daga lambun. Akwai ma wanda ke busa: wasu Faransawa biyu, Luc Leclerc da Claude Venard, suka tsara yadda faɗuwar ruwa za ta kora iska cikin bututan busa irin na coci, ruwan kuma ya riƙa juya wata ganga mai haƙora da ke buɗe su bi da bi. Ya daɗe a bebe, sai a 2003 aka maido masa da murya.

To amma ruwan Tivoli mai farar ƙasa ne. Irinsa ne ya haifar da farin dutsen nan travertino da aka yi manyan gine-ginen Rum da shi. Duk wanda ya taɓa leƙa gindin butar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki ya ga farin ɓawon da ke kamawa. Shi ne ke kama cikin bututan lambun, yau kaɗan gobe kaɗan, har bakin da ya kamata ya yi tsartuwa ya koma ɗiga. A doguwar hanyar da ake kira Cento Fontane, wato marmaro ɗari, ruwa na zuba hawa uku a jikin bango. Asali bangon cike yake da zane-zanen tatsuniyoyin Rumawa. Yau da ƙyar ake gane su: ruwa ya cinye, farin ɓawo ya hau, gansakuka da ƙananan ganyayyaki masu son danshi suka lulluɓe. Wannan koren mayafi shi masu hoto suka fi so, musamman in hasken la'asar ya ratso ganye ya faɗa kan ɗigon ruwa. Mai gyara kuwa ya san saiwoyin nan suna cin abin da ya saura na aikin asali. In ya kankare tas, ya ceci bango ya kashe kyan da duniya ta sani. In ya bari, yau da gobe ba ta bar komai ba. Kusan kowane tsohon lambu a Italiya yana da irin wannan tsaka mai wuya. Ga kuma ƙazantar kogin, wadda ta sa a ƙarshen ƙarni na 20 dole aka kafa wurin tace ruwan kafin ya shiga.

Sauran manyan ma kowanne da inda ya ƙure dabara. A Villa Lante kusa da Viterbo, Kadinal Gambara ya sa aka sassaƙa dogon teburin dutse da ruwa ke bi ta tsakiyarsa yana sanyaya abin sha. A tafkin Maggiore iyalan Borromeo suka kama wani tsibirin duwatsu tun 1632, suka yi ta dakon ƙasa a jiragen ruwa har suka tayar da hawa goma, aka buɗe lambun Isola Bella a 1671. A Caserta kusa da Napoli, magudanar da ke kawo ruwa tsawonta kilomita 38. Duk an gina su ne a zamanin da ma'aikata ke da araha, ba wanda ya kawo cewa wata rana hannu zai yi tsada.

Akwai wani reshe na labarin da zai ja hankalin mai jin Hausa. Tun kafin waɗannan, Musulmi sun mulki tsibirin Sisili daga ƙarni na 9 zuwa na 11, suka bar dabarun ban ruwa da noman lemo. Sarakunan Norman da suka karɓe tsibirin suka ɗora a kan salon. Fadar Zisa da aka soma a Palermo wajen 1165, sunanta daga al-Aziza ne, babban lambun da take ciki kuma ana ce masa Genoardo, wato jannat al-ard. Kalmar da muka ara muka ce aljanna, asalinta a Larabci lambu ce. Lemon da ya zauna daram a Sisili, da ya hau arewa sai ya gamu da sanyin da ba ya iya ɗauka, daga nan wata babbar ɗawainiya ta hau kan masu lambu.

A Villa di Castello da ke gefen Fulorans, inda Cosimo na gidan Medici, masu mulkin Fulorans, ya sa magini Tribolo ya tsara lambu a 1538, akwai bishiyoyin lemo kusan 500, kuma a cikin manyan tukwanen jan yumɓu suke. Wasu tukwanen sun kai ƙugun mutum, in aka haɗa da ƙasa da bishiya nauyin ya wuce abin da ƙarti huɗu za su ɗaga. Da sanyi ya ƙarato, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sai a kwashe su ɗaya bayan ɗaya a shigar da su wani dogon ɗaki mai manyan tagogi da ake kira limonaia. A watan Afrilu a sake fito da su, kowace a ɗora ta kan dutsenta. Tsakanin nan akwai ban ruwa gwargwado, don in ya yi yawa saiwa ta ruɓe. Akwai buɗe tagogi in rana ta yi ɗumi a rufe kafin dare. Akwai zare bishiya daga tukunya bayan 'yan shekaru a rage saiwa a sabunta ƙasa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da ɗakin asibitin sojoji, aka bar lemo a waje cikin hunturu, da yawa suka mutu, waɗanda suka tsira kuma da tabo.

A nan ne kuma wani abu ya faru da nake yawan tunawa. Akwai wani lemo da ake kira bizzarria, wanda ɗa guda ke fitowa gefe wani iri gefe wani. An gano shi kusa da Fulorans a 1644, daga baya aka fid da rai cewa ya ɓace. Wajen 1980 mai lambun Castello, Paolo Galeotti, ya lura da wani tofo mai baƙon ganye a jikin wata bishiya, ya yanko shi ya yi masa aure da wani dashe. Da ya yi 'ya'ya, sai ga bizzarria. Da wani ne mai gaggawa da almakashi, da tuni ya datse shi ya zubar a bola. Irin wannan ido ba a samunsa a wata shida.

Me ya sa lambunan nan suke fita a hoto haka? Domin tun asali don ido aka tsara su. Masu zanensu 'ya'yan zamanin da masu fenti na Fulorans suka gano yadda ake sa layuka su haɗu a wuri guda can nesa ne, har shimfiɗaɗɗen allo ya yi zurfi. Hanya ta miƙe, bishiyoyi biyu-biyu a gefe, a ƙarshenta mutum-mutumi ko marmaro: mai kyamara ba shi da aiki sai tsayawa inda aka riga aka tanadar masa. Tudu ya ba shi wurin hango zanen shingaye daga sama. Itatuwa uku ne ginshiƙi, cipresso, da bosso mai ƙananan ganye da ake datsewa a yi shinge, da leccio mai duhun inuwa. Ba ɗayansu da ke zubar da ganye, don haka hoton Janairu da na Yuli ba su da nisa da juna.

Masu kyamara kuma sun iso ne a wani lokaci na musamman. An kafa gidan hoto na Alinari a Fulorans a 1852. Ba'amurke Charles Platt ya fitar da littafinsa mai hotunan lambunan Italiya a 1894, Charles Latham na Ingila ya biyo da nasa a 1905. A lokacin yawancin gidajen sun yi ƙarni ɗaya ko biyu cikin sakaci. Magada sun talauce ko sun koma birni, itatuwan da aka dasa ƙanana sun zama ƙatti, furanni da 'ya'yan itace masu buƙatar hannu kullum sun mutu, masu taurin rai kaɗai suka saura. Hoton kuma baƙi da fari ne. Jan fure ba ya fita a cikinsa, amma baƙar cipresso a bayan farin dutse tana fita ƙwarai. Sai duniya ta ga lambu da furfurarsa ta ɗauka haka aka haife shi: kore zalla, dutse, ruwa, babu fure.

Ba haka yake ba, kuma akwai shaida. Tsakanin 1599 da 1602 wani mai zane, Giusto Utens, ya zana gidajen Medici da lambunansu kamar daga sama ake kallo. 14 daga cikin zanen sun tsira, suna Villa La Petraia yanzu. A ciki za ka ga ƙananan bishiyoyin 'ya'yan itace jere-jere, da fangali-fangali na shuke-shuke, da rumfunan ganye da ake bi ta ƙarƙashinsu. Amma abin da ya riga ya zauna a ka yana da wuyar tashi. A 1931, zamanin Musolini, aka shirya babban baje kolin lambun Italiya a Palazzo Vecchio na Fulorans, aka ɗaukaka koren shinge mai tsari a matsayin halin ƙasa, saɓanin salon Ingila da ke sakin itace ya yi yadda ya so. Abin da kyamara ta fara, siyasa ta buga masa hatimi.

Shi ya sa abubuwa da dama da baƙi ke ɗauka aikin ƙarni na 16 ne ba su kai haka tsufa ba. Hoton Villa d'Este da ya fi yawo, na manyan tsartuwar ruwa a bayan tafkunan kifi, marmaron Neptune ne, wanda aka gina a 1927. Tafkunan Villa Gamberaia a Settignano, gefen Fulorans, wata gimbiya 'yar Romaniya mai suna Ghyka ce ta yi su bayan ta sayi gidan a 1896. Lambunan I Tatti da La Foce, da mutane ke gani su ce ga ainihin Tuskani, wato yankin Fulorans, Baturen Ingila Cecil Pinsent ne ya tsara su a ƙarni na 20. Hatta ƙofar shiga ta canja. Ligorio ya so baƙo ya shigo Villa d'Este daga ƙasa, ya riƙa hawa yana jin ƙarar ruwa kafin ya gan shi, fada tana can sama tana jiransa. Yau daga sama ake shiga a gangaro. Ban kawo wannan don rage musu daraja ba. Marmaron 1927 yana da kyau, shi ma kuma ya ga shekaru. Amma duk ranar da aka ce za a kashe kuɗi a maido da lambu yadda yake, dole a yi tambaya: yadda yake a wace shekara?

Dole kuma a yi wa kyamara adalci, don ta ceci wasu. A Bomarzo kusa da Viterbo, wani basarake Vicino Orsini ya sa aka sassaƙa manyan duwatsun da ke cikin wani kurmi tun daga 1552, aka fitar da dodanni da giwa da kunkuru, har da gidan da aka gina a karkace da gangan. Bayan rasuwarsa aka manta da wurin fiye da shekara 300. A 1948 shahararren mai zane Salvador Dalí ya je aka ɗauke shi a fim ɗin labarai. A 1952 Bajamushe Herbert List ya ɗauki hoton da har yau ba na gajiya da kallonsa: wata ƙatuwar fuskar dutse, ido a zare, baki a wangame kamar ƙofar zaure, wani yaro makiyayi a cikin bakin, tumakinsa a gaba suna harkarsu. Ba wanda ya share wurin don hoto. A 1954 Giovanni Bettini da matarsa Tina suka sayi filin suka shiga sassabe da gyara. A shekarun nan ne kuma Marcello Marchi ya sayi Gamberaia, wadda sojojin Jamus suka cinna wa wuta a 1944 suna janyewa, kuma tsofaffin hotuna da zane-zane ne suka zame masa jagora wajen tayar da ita.

A 1981 ƙwararru suka taru a Fulorans suka rubuta ƙa'idojin kula da lambunan tarihi, majalisar ICOMOS mai kula da wuraren tarihi na duniya ta amince da su a 1982. Jigon takardar shi ne lambu abin tarihi ne mai rai. Kayan gininsa suna girma, suna tsufa, suna mutuwa, don haka kulawar yau da kullum ita ce aikin farko, kuma dole a tanadi magajin itace tun kafin ya faɗi. Sai dai takardar ta ba da damar sake gina wani ɓangare yadda yake a da, in akwai cikakkiyar shaida. Masanan Italiya da yawa ba su yarda ba. A shekarar 1981 ɗin suka fitar da tasu takardar, a kan cewa kowane zamani ya bar sawunsa a lambu, ba a goge na baya-bayan nan don a ƙirƙiro na farko. Ni dai ra'ayinsu ya fi kwanta mini. Garin gyaran gira ake rasa ido, kuma lambun da aka tuge tsofaffin itatuwansa don ya dace da wani tsohon zane yakan fito ne kamar farfajiyar sabon otal.

Yanzu ma ƙwari sun fara yanke hukunci kafin masana su gama muhawara. Wata tsutsa, 'yar wani malam-buɗe-littafi daga gabashin Asiya, ta ɓulla a Jamus wajen 2007, ta iso Italiya bayan 'yan shekaru. Abincinta bosso. Koriya ce mai baƙin kai, tana fara ci daga cikin shinge inda ba a gani, tana saƙa yana. Kafin a farga daga waje, shingen da ya shekara ɗari ya koma busassun tsinke cikin 'yan makonni. Tana hayayyafa fiye da sau ɗaya a shekara, don haka feshi ɗaya ba ya isa. Ana kafa tarkon ƙamshi don a san lokacin da ta fito, a bi da feshin wata ƙwayar halitta mai suna Bacillus thuringiensis da ke kashe tsutsa, a sake, a kuma sake, bana da baɗi. Cipresso kuwa tun 1951 take fama da wata cuta mai shiga ta raunin ɓawo ta busar da ita daga sama, wadda almakashin da ba a tsabtace ba ma yana ɗauka daga bishiya zuwa bishiya. Masu bincike a Fulorans sun fitar da irin da ke jure mata, kamar wanda suka sa wa suna Bolgheri. Itatuwan pino masu kai kamar lema, waɗanda ba a ɗaukar hoton Rum ba tare da su ba, wani ƙwaro daga Arewacin Amurka ke tsotse su tun wajen 2018.

Ga zafi ga fari. A Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a Sisili, a 2022 kuma kogin Po ya ja baya irin yadda ba a gani ba cikin shekara 70. Tsohuwar bishiyar da fari ya gajiyar, ita guguwa ke fara kayarwa, kuma in aka dasa wata a gurbinta, jikokin mai dasawa ne za su ga abin da ke cikin hoton.

Sai maganar kuɗi. Villa d'Este da lambun Boboli na Fulorans da Caserta na gwamnati ne, a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu. Wasu na iyalai ne har yau, kamar Isola Bella. Wasu kuma na gidauniyoyi, kamar FAI da aka kafa a 1975. Tun 2014 dokar Art Bonus ke mayar wa mai tallafa wa kayan tarihin gwamnati kashi 65 cikin 100 na abin da ya bayar ta hanyar rangwamen haraji. A 2017 kamfanin kayan sawa na Gucci ya ba Boboli Yuro miliyan 2. Mafi girma shi ne shirin farfaɗo da tattalin arziki bayan korona, da kuɗin Tarayyar Turai, wanda ya ware Yuro miliyan 300 don lambunan tarihi. Villa Lante da Caserta na cikin waɗanda suka samu kaso mai tsoka. Kuɗi ne da wannan fanni bai saba gani ba, kuma na yi murna da shi. Abin da ke damuna irinsa ne. Kuɗin aiki ne mai ranar farawa da ranar gamawa, wa'adinsa 2026. Zai gyara bango, ya canja bututu, ya dasa itace. Ba zai biya albashin wanda zai shayar da itacen a 2030 ba. Mai ba da tallafi yana son abin da za a ɗauka hoto kafin aiki da bayan aiki, ba a kuwa shirya bikin buɗewa don an cire ciyawa a kan kari.

A cikin shirin an ware wani abu don horar da sabbin masu lambu sama da 1,200, da ake kira giardiniere d'arte, kwas na sa'o'i 600. Wannan ya nuna an gane inda gizo ke saƙar. An daɗe tsofaffin ma'aikatan dindindin suna ritaya ba a cike gurbinsu, ana ba kamfanoni kwangilar yankan ciyawa da datsa, ma'aikatan bana ba su ne na baɗi ba. Ɗan kwangila zai iya datse shinge ya miƙe. Ba zai san cewa kusurwar can ruwa na kwanciya a cikinta duk Nuwamba ba, ko wace tukunyar lemo ce ba ta son a matsar da ita daga jikin bango. Sa'o'i 600 mafari ne mai kyau, in har akwai aikin da zai riƙe mutum shekara ashirin a lambu ɗaya.

Baƙi kuma su ne abinci, su ne kaya. Tun 2014 doka ta ba kowa damar ɗaukar hoto a wuraren tarihin gwamnati, in ba na kasuwanci ba ne kuma ba a kafa ƙafar kyamara ko fitila ba. Hoton waya yana kawo masu sayen tikiti, tikiti ya biya mai lambu. Amma dubban ƙafafun da ke neman tsayawa a daidai wurin da suka gani a Instagram suna danne ƙasa har ta yi tauri kamar daɓe, ruwa da iska su kasa kaiwa ga saiwa. A Villa del Balbianello da ke bakin tafkin Como, FAI da kanta ta rage yawan masu shiga a kowace rana, duk da kuɗin da za ta rasa.

Wanda ya fi burge ni a wannan fuska shi ne Ninfa, kudu da Rum. Gari ne da aka rushe a ƙarshen ƙarni na 14, zazzaɓin cizon sauro ya hana a koma. A shekarun 1920 Gelasio Caetani da mahaifiyarsa suka fara dasa wardi da itatuwa a cikin kufan, matan gidan suka ɗora, har zuwa Lelia Caetani da ta rasu a 1977 ta bar shi a hannun gidauniya. Hekta 8 ne, tsirrai iri fiye da 1,000. Ba a buɗe shi sai a wasu ranaku, ana shiga rukuni-rukuni da ɗan jagora. A hoto sai ka rantse ba hannun da ya taɓa shi: wardi ya hau bangon tsohon coci ya zubo, ruwa garau yana bi ta ƙarƙashin gada. Alhali kowane reshe da ya zubo zaɓa aka yi aka bar shi, wanda zai tsaga bangon kuma an cire shi tun yana ƙarami.

Daga farkon Nuwamba ake rufe ƙofar Isola Bella sai Maris, Ninfa ma tana rufe a cikin hunturu. Watannin nan ne ba su da hotuna. A cikinsu ake hawa itace a sare matattun rassa, a kwashe laka daga magudanu, a kare lemon da ke jikin bango daga sanyi, a tuge bosson da tsutsa ta kashe a dasa ƙanana a gurbinsu, waɗanda sai sun shekara da yawa kafin su haɗe da na gefensu.